Yaya Habibu da shari'ar akwatin naɗar bidiyo

Shekara shida ke nan da muka binne yayana, Injiniya Habibu, a nan Riyad. Har yanzu in na bi ta unguwar Gubaira sai na rage tafiya a gaban shagon da ya yi aiki, duk da yanzu tayoyin mota ake sayarwa a ciki.

Shi ya riga ni zuwa ƙasar nan. Lokacin da na zo karatu, na same shi a wani ƙaramin kamfanin kayan lantarki na kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa ya zauna a ƙasar, wani dattijo da kowa ke kira Abu Fahad. A can ya haɗa akwatin da ake jona wa talabijin, yana naɗar shiri yayin da ake kallo. In aka kira salla ko jariri ya yi kuka, sai mutum ya tsayar da hoton, ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Direbobi da 'yan aikin gini da ba sa samun tafsirin azumi a kan lokaci su suka fara sayensa a shagunan unguwar Dira. Daga baya masallatai suka riƙa naɗar darussa da shi.

Sai ga lauyoyin wani babban kamfani na ƙasar waje. Suka ce dabarar tsayar da hoto ana cikin naɗa tasu ce, suna da takardar mallakar ƙirƙira a kanta. Abu Fahad ya tsorata, ya ce gara a rufe sashen haɗa akwatin kowa ya huta. Rufewar kuwa na nufin igamar Yaya, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta mutu, ya kwashe matarsa da 'ya'yansa su koma Gusau a tsakiyar karatun yaran.

Ni na fi shi fushi. Na ce masa ƙarfi kawai suke nuna mana. Ya ce, "A'a, Bashari. Na karanta takardunsu. Wanda ya fara tunanin nan shi ma ya sha wahala, kuma a wuri ɗaya hanyata ta bi ta gonarsa. Ban sani ba, amma ta bi."

Da aka shiga shari'a, haka ya faɗa a gaban masu sauraron ƙarar, lauyan Abu Fahad yana ta harararsa. Aka yanke cewa a janye akwatin daga kasuwa. Na ga an kwashe su daga shaguna a bayan a-kori-kura, shi kuwa yana taya masu lodi don kada su fasa.

Ya roƙi kafilinsa ya ba shi lokaci. Ya sake ginin abin daga tushe, ta wata hanyar ajiye hoto da ba ta taɓa ta kowa ba, a daidai lokacin da ciwon ƙoda ya fara cin jikinsa. Da za a yi rajistar sabuwar dabarar, mun ɗauka sunan kamfani kaɗai za a sa, kamar yadda aka saba. Abu Fahad ya ce, "Wallahi sunan Habib ne a sama." Yaya bai ga fitowar takardar ba. Dattijon da kansa ya kawo wa matarsa har gida, ya kuma riƙe igamar iyalin har yau.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga yau. Ba mai sayen akwatin nan kuma, waya ta gama da shi; kowa na tsayar da tafsiri da ɗan yatsa. Ba na jin zai yi baƙin ciki. Na san shi: zai karɓi wayar, ya juya bayanta yana neman inda ake kwancewa. Kamfanoni kuma ba su daina kai juna ƙara ba, sai dai abin da ake faɗa a kai ne ya canza.

Abin da ya rage nasa bai tsufa ba. Darussan malamai da dama da suka rasu suna yawo a wayoyin ɗalibai saboda akwatinsa ya naɗe su. Ga kuma 'yarsa Ruƙayya, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, tana karatun injiniya. Kwanan baya wata abokiyar karatunta ta ce su ɗauko wata dabara daga intanet su sa a aikinsu, ba wanda zai gane. Ta zo ta ba ni labari, tana laluben Hausa.

"Baffa, na ce mata mu fara nemo mai ita tukuna."

Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.