Malam Isyaku Sai-na-taɓa ya tafi, baƙin ingarman yana nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina turke ina zuba wa goɗiyata dusa waya ta shigo, wai Malam Isyaku malamin dabbobi ya rasu a Gumel. Sai da na zauna a bakin kwami.

Mu masu dawaki Sai-na-taɓa muke ce masa. Ko rantsuwa ka yi masa cewa dokinka lafiya lau, zai ce, "To madalla, amma sai na taɓa." Dusa ma sai ya sansana kafin ya bari a ba dabba. Muna tsokanarsa cewa ko shayinsa bai yarda da shi ba.

Amma mutumin nan, ranar da ciwon ciki ya kayar da goɗiyata, a tsohon mashin ɗinsa ya zo har Gagarawa cikin ruwan sama. Bai tafi ba sai da ta miƙe ta ci ciyawa.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a kasuwar Maigatari ce. Wani dillali, ba zan kama suna ba, ya shigo da baƙin ingarma daga tsallaken iyaka, kyakkyawa na gaske, kowa yana son a yi wa goɗiyarsa barbara da shi. Har da ni a layi.

Rana ana tafasa, amma dokin yana lulluɓe da bargo.

Malam ya ce, "Alhaji, zazzaɓi yake yi ne?" Kafin a ba shi amsa ya zura hannu ƙarƙashin bargon yana shafa haƙarƙari. Ya kamo hannuna ya ɗora. Na ji wani kumburi, zagayayye, shafaffe, kamar an cusa kwabo a ƙarƙashin fata. Ba ɗaya ba ne.

Ya ja ni gefe ya ce a littafinsu sunan tsohon kuɗin azurfa aka sa wa tabon nan, dala. Yakan fito ya ɓace, ya sake fitowa a wani wurin, kuma alamar cuta ce da ke bin barbara. Goɗiya ta ɗauka, sai ɓari, sai rama, ƙafafun baya su mutu.

"Ban yanke hukunci ba, ɗana. A ɗebi jini a kai gwaji. Kafin nan kada ka kai ta."

Da kasuwa ta zagayo dillalin ya yaye bargon a gaban jama'a, fata sumul. Aka yi ta dariya, wasu suka ce tsufa ne ya kama Malam, wasu suka ce hassada. Jinin kuwa har yau an ƙi bari a ɗiba.

Kun san wa ya kira ni da labarin rasuwar? Dillalin nan ne. Ya yi ta'aziyya a gurguje, bai ko sauke numfashi ba ya ce, "To yanzu yaushe za ka kawo goɗiyar?"

Ko jana'iza ba a yi ba fa.

Kada wani ya juya min magana. Malam ya daɗe yana fama da hawan jini, ajali ne ya zo. Abin da ban gane ba shi ne gaggawar. Mai kaya mai kyau ba ya tsoron allura. Kuma na ji an ce gobe za a wuce da ingarman zuwa garin Sule Tankarkar, inda ba su ga abin da na taɓa ba.

Raina a ɓace yake, kuma ina kewar Malam tun yanzu. Goɗiyar nan ita kaɗai gare ni, shi ya tashe ta a ranar ruwan nan. Na ce wa dillalin zan kawo ta ranar da aka ɗebi jini. Ya kashe waya.

'Yan uwa na Sule Tankarkar, in ya iso, ku ɗaga bargon ku taɓa. Ko ba ku ji komai ba, ku nemi gwaji.

Allah Ya jiƙan Malam Isyaku, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, sannan ya tura wa mai goɗiya kafin gobe.