Alfarmar da na je nema wa ɗan fari

Ɗan farina ne ya shigo min da wannan wasa cikin rayuwa. Yana firamare a Kano na fara zuwa Guangzhou sarin wandunan jins. Da ƙafata ta zauna, na kama sito a Xintang, sai na ɗauko shi ya ƙarasa karatu a nan. Ya iya Sinanci, ya zama shi ne bakina a wurin masu masana'anta, don ni karatuna bai yi nisa ba.

Ban taɓa kiran sunansa ba. Haka muka taso a gidanmu, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. "Kai" nake ce masa. In ina zancensa da wani sai in ce "yaron nan", alhali ya zama magidanci a ido, ya fi ni tsawo da faɗin ƙirji.

Ƙwallon Amurka suke kiran wasan. Ƙwallon kamar gwanda take, kuma a hannu ake ɗaukarta a gudu. Mutum goma sha ɗaya nan, goma sha ɗaya can, kowa da hular kwano da sulken roba a kafaɗa. Ana ba ku dama huɗu ku ci gaba da yadi goma, waɗancan kuma aikinsu su kayar da wanda ke riƙe da ƙwallon. Yadi goma ni a wurina atamfa ce da 'yan kai, ban taɓa zaton akwai masu karya ƙashi a kansa ba. Ƙungiyarsu ta 'yan sha'awa ce, ba a biyan kowa. Akwai Sinawa ma'aikatan ofis, da ɗalibai, da 'yan Afirka kaɗan. Yaron nan shi ne mai gudu da ƙwallo, wato shi ake miƙa wa ita a ciki ya kutsa.

Wani sati aka haɗa su da ƙungiyar da ba su taɓa ci ba. Ba su da wurin taro, sai ya tambaye ni ko za su iya zama a sito bayan an tashi daga aiki. Na ce to. Suka zo da la'asar, suka zazzauna a kan dilolin wanduna, fanka na kaɗa musu warin shuɗin rini. Kocinsu Basine ne, ɗan gajere mai tabarau, ya yi karatu a Amurka ya dawo da wasan. "Lawban" yake ce min, wato maigida. Ya jawo babban kwali ya kifa, ya ɗebo maɓallan wando daga buhu. Masu ruwan tagulla su ne namu, baƙaƙe su ne abokan karawa. Da ya zo kan mutum ɗaya a tsakiyar baƙaƙen sai ya dudduba, ya ɗauko kan bel na ƙarfe ya ajiye.

Wani ɗan Ghana dogo da ke cikinsu, Bahaushen Kumasi, ya kwashe da dariya. Ya ce, "Koci, kan bel ya yi masa kaɗan. A kawo dutsen guga."

Ni ina gefe ina dafa musu shayi. Na ce wane ne wannan da maɓalli ba ya isarsa? Ɗan Ghanan ya miƙo min waya. Na ga wani ƙato cikin jar riga ya taso da gudu ya haɗu da wani mai ƙwallo. Ƙarar hulunansu ta fito ta wayar kamar an jefar da tukunya a siminti. Wanda aka buga ɗin bai tashi ba, aka zo da gadon ɗaukar mara lafiya. Shayin ya zubo min a yatsu ban ji zafinsa ba.

Koci ya yi bayani da Sinanci, ɗan Ghanan yana juya min. Ƙaton nan ya san duk ƙarfinsu a ƙafar yaron nan yake, don haka ba ya kallon kowa sai shi. To dabarar ita ce a yi kamar an miƙa masa ƙwallon. Ya rungume cikinsa, ya sunkuya, ya zura dama da gudu ba komai a hannunsa. Ƙaton zai bi shi, tsakiya ta buɗe, sai a jefa wa ɗan Ghana ƙwallon ta inda ƙaton ya bari. Koci ya tura maɓallin tagulla gefe, ya ja kan bel ya bi shi har suka haɗu a bakin kwali.

Na ce a tambayar min shi, in ƙaton ya cim masa fa, alhali ba ƙwallo a hannunsa?

Koci ya yi murmushi ya buga tafin hannunsa da dunƙule. Ba sai an fassara min ba.

Na dubi yaron nan. Yana tsugune yana gyaɗa kai, har yana nuna wa koci inda ya kamata ya ƙara jan ƙaton nesa. Maganar tana bakina. Kalma uku ce, ina jin tsoro. Amma ubana bai taɓa faɗa wa yayanmu irinta ba, ni ma ban san ta inda ake fara ta ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kai, ku kwashe maɓallan nan in kun gama, na mutane ne."

Kwanakin da suka biyo baya ban ci abincin kirki ba. Ina cikin duba ɗinkin wando sai in ji ƙarar hulunan nan. Na je kasuwar Shahe karɓar kaya, mai shago tana ce min "mayo", babu, ni kuwa na tsaya ina kallonta har ta sake faɗa da ƙarfi. Uwarsa tana Kano, duk wayar da za mu yi sai ta ce in kula mata da shi. Na yi ta tunanin da wane baki zan gaya mata in aka kawo shi a kwance.

Cikin zancensu na tsinci cewa ƙaton ɗan Maraɗi ne, kuma ɗan ƙanen wani Alhaji ne da na sani, mai ofishin tura kaya a wajen Liuhua. Sahu ɗaya muke sallar Juma'a da shi. Da na ji haka sai zuciyata ta ɗan yi sanyi. A wurinmu in abu ya fi ƙarfinka, kuma akwai babba a wancan gidan, wurin babban kake zuwa. Haka na sha yi in an riƙe min kwantena, haka muke sasanta yara in sun yi faɗa. Ban ga bambancin wannan da waɗancan ba.

Bayan an idar da Juma'a na bi shi ofis da ledar dabino. Muka gaisa, muka tambayi gida, muka taɓa zancen kasuwa. Ya ce, "Alhaji, wanga dabino ba na banza ba ne. Mi ya kawo ka?"

Na ce alfarma na zo nema. Yaronku da yarona za su haɗu ranar Lahadi, a ja masa kunne ya sassauta.

Ya yi dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Ku Kanawa komi sai kun nemi ragi. Yanzu har duka ma ragi kuke nema?"

Na ce ba wasa nake ba. Kuma don in nuna masa ba cutar ƙungiyarsu nake so a yi ba, sai na buɗe masa komai. Na ce ai ƙwallon ma ba a hannun yaron nan za ta kasance ba, yaudara ce, wani dogo za a jefa wa ta tsakiya. Tunda ba shi da ƙwallo, mene ne amfanin a buge shi? Har na ɗauki ƙwallayen dabino na jera masa a tebur yadda na ga koci ya jera maɓallai. Ya ce in kwantar da hankalina, zai yi mishi magana. Na fito ina jin kamar an sauke min dila daga ka.

Washegari suka taru a sito don zama na ƙarshe. Na shigo da butar shayi. Maɓallan suna kan kwali ba a jera ba. Yaron nan ya miƙe ya zo kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Abba, ka je Liuhua jiya?"

Na ce na je.

"Ƙaton nan ya kira ni da safe. Ya ce baffansa ya gaya masa komai, kuma shi ba zai ci mu da abin da aka kai masa har gida ba. Ya ce mu canza shiri, don abin da ya ji ba zai iya mayar da shi bai ji ba."

Ɗan Ghana ya so ya sassauta wurin. Ya ce, "Alhaji ya je neman alfarma kamar biza ce." Ba wanda ya taya shi dariya.

Koci ya cire tabarau ya goge. Bai yi min faɗa ba, sai ma ya ce "shiye-shiye", wato na gode, da na miƙa masa shayi. Ya sake jera maɓallan. Ya ce yanzu ƙaton zai riƙa shakka, duk sanda ya ga an miƙa wa yaron nan ƙwallo zai ɗan tsaya ya ga ko yaudara ce. Wannan ɗan tsayawar ita kaɗai ta rage musu. Don haka za a ba shi ƙwallon da gaske, ya bi ta tsakiya, a kuma sake ba shi, a yi ta yi. Ya ɗora yatsa a kan maɓallin tagulla ya tura shi kai tsaye zuwa kan bel.

Na zauna a kan dila. A da, wani lokaci ne ƙaton zai same shi, a gefen fili, yana iya fita waje ya tsira. Yanzu ni na kawo shi gabansa.

Ranar Lahadi da rana aka yi wasan, a wani filin haya mai ciyawar roba. Zafin Guangzhou mai ɗanƙo ya manne min riga a baya. Alhajin Maraɗi ya zo ya zauna kusa da ni, bai yi zolaya ba wannan karon. Da farko shirin ya yi aiki. Ƙaton yana ɗan dakatawa, yaron nan yana wuce shi ta gefen kafaɗa, ana ta ihu. Ni ba na ganin yadin da ake ci. Duk sanda suka taru a kansa sai numfashina ya tsaya har sai na ga rigarsa ta miƙe daga cikin tarin. Carbina ya jiƙe da gumi, ban san me nake ja ba.

Bayan hutun rabin lokaci ƙaton ya daina dakatawa. Na ga lokacin da ya gane. Aka miƙa wa yaron nan ƙwallo, ya sunkuyar da kai ya shiga, jar riga ta taso masa. Ƙarar da na ji a waya ita na ji, amma wannan a cikin haƙorana na ji ta. Kowa ya tashi, shi bai tashi ba.

Ban san na miƙe ba. Na tsallake igiyar da aka kewaye filin da ita, takalmina ɗaya ya fita, alƙalin wasa yana busa min usur. Na ji wata murya tana kiran sunansa da ƙarfi, ana maimaitawa, sai da na durƙusa a kansa na gane tawa ce. Idonsa a buɗe, yana cije leɓe, hannunsa na dama a kwance kamar ba nasa ba. Ƙaton ya cire hula ya tsuguna ta ɗaya gefen. A kusa na ga ashe fuskar yaro ce da shi, hawaye da gumi sun haɗu. Yana ta cewa, "Sannu ɗan'uwa. Baba, ku yi haƙuri, wasan ne haka."

Ƙashin kafaɗa ne ya karye. Wuyansa da bayansa lafiya, likita ya tabbatar daga baya, amma a cikin motar da ta ɗauke mu ban san haka ba tukuna. Na riƙe masa hular kwanon a cinyata, ina kallon titi don kada in dube shi. Muna cikin cunkoso ya ce, "Abba, ashe ka san sunana."

Na ƙara riƙe hular kwanon.

Ya ce, "Da ni ka zo ka gaya wa. Sito ɗaya muke wuni."

Na ce, "Tsoro nake ji." Ban taɓa jin nauyin harshena kamar ranar ba.

Ya rufe ido don motar ta faɗa rami. Da zafin ya lafa ya ce, "Ni ma ina ji, tun ranar da aka ajiye kan bel ɗin. Da ka tambaye ni da na gaya maka."

An ci su a wasan. Kafaɗar ta ɗauki watanni kafin ta haɗe, kuma ni na kira uwarsa na gaya mata yadda aka yi tun daga dabinon. Da ya warke ya koma fili. Na ce masa ba na so, a fuskarsa na faɗa wannan karon, ya saurare ni har na gama, ya ce ya ji, ya kuma ɗauki hularsa. Har yanzu a sitona suke zama. Da zarar koci ya kifa kwali ya zuba maɓallai, sai ɗan Ghana ya ce, "Alhaji, sukari ya ƙare," ni kuwa na san so suke kada in ji shirin, sai in ɗauki hulata in tafi shagon bakin titi, in zauna a can har sai yaron nan ya leƙo ya kira ni.