Jinyar Zuhair a Rumfar Malam Falalu

Duk namijin da ya tashi a Limawa, in dai ya haura shekara ashirin, da wuya a ce askar Malam Falalu ba ta taɓa hawa kansa ba. Wanzami ne ɗan wanzami. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa ƙauyukan da ke kewayen Dutse, a yi askin suna, a yi ƙaho, lokacin sanyi a yi wa yara kaciya. Da ƙarfinsa ya kawo sai ya kafa rumfa a ƙofar gidansu, gindin wata darbejiya, kuma nan yake har yau. Samari sun koma shagunan aski masu inji da kiɗa, amma dattawa ba su bar shi ba. Ranar Juma'a tun da hantsi za ka ga huluna jere a kan benci, masu su suna jiran layi. Siririn mutum ne, mara yawan magana, mai tsaftar da matarsa Inna Hadiyya kan ce har ta yi yawa.

In kana son ka ji muryarsa ta ɗaga, to, jikansa Zuhair ne ya shigo. Yaron ɗan shekara huɗu ne, ɗan fari wurin Abdurrahim, babban ɗan Malam Falalu, wanda ke koyarwa a wata firamare a Yalwawa. Gida ɗaya suke. Kullum kakan da jikan suna cikin rigima a kan Inna Hadiyya, kowa na cewa matarsa ce.

Raihana, uwar yaron, ita ta fara lura wajen wanka. Ta kwana biyu tana juya abin a ranta, sannan ta sami surukarta a madafa, ta sunkuyar da kai ta ce, “Inna, ko za ki duba mini yaron nan? Gabansa nake ganin kamar ya kumbura ta gefe guda.” Inna Hadiyya ta duba, ta kai wa mijinta maganar.

Malam Falalu bai yi gaggawa ba. Ya duba yaron da safe, ya ga kumburin kaɗan ne. Ya sake dubawa bayan la'asar, yaro ya gama tsalle-tsallensa, sai ga abu kamar ƙwan agwagwa. Ya taɓa, Zuhair ya ƙyalƙyale da dariya, babu ciwo. Ya san gwaiwa ce. Ya tuna wani baffansa da ya ɓoye irinta cikin babbar riga shekara da shekaru, har ya daina zuwa kasuwa, ya daina zama cikin mutane, don kunya kawai.

Amininsa Malam Ahmadu mai dabino, da ya ji labari, ya ce, “Kai da ke da aska da ƙaho a gida, har sai an kai shi asibiti?”

“Askata iyakarta fata, Malam Ahmadu,” in ji shi. “Wannan kuwa daga ciki yake zuwa.”

Shi da Abdurrahim suka kai yaron. Likitan ya ɗauko ƙaramar tocila ya haska wurin ta ƙasa, sai fatar ta yi jajawur, haske ya ratsa ta. Ya ce ruwa ne. Akwai wata 'yar hanya daga ciki da ya kamata ta toshe bayan haihuwa, ta Zuhair ba ta toshe ba, shi ya sa ruwan ke gangarowa in ya yini a tsaye. Za a yi ɗan yanka a mara a ɗaure hanyar, shi ke nan. Aka ba su rana.

A zamanin da yake yawan kaciya, Malam Falalu ya sha yaudarar yara. A ce wa yaro ya kalli tsuntsu a sama, kafin ya sauko da kai an gama. Ya kuma ga yadda yaran kan shekara suna canza hanya in sun hango shi. Bai so haka da jikansa ba. Ana jibi aiki ya zaunar da shi a cinya ya ce, “Abokina, za mu koma wurin mai tocilar nan. Za su sa ka barci, su gyara wurin. In ka farka zai yi zafi kaɗan, kuma za ka gan ni a tsaye a kanka.”

“Kai ma za a sa ka barci?”

“A'a. Ni gadi zan yi, kada wani ya ɗauke maka takalma.”

Ranar aikin an hana yaron ci da sha tun da safe. Inna Hadiyya ta kawo wa mijinta kokonsa, ya ce ta mayar, ba zai sha a gaban mai azumin dole ba. A kafaɗa ya ɗauki Zuhair har ƙofar ɗakin tiyata, wata nas ta karɓe shi. Sai ga mutumin da ya shekara hamsin iyaye suna jiransa a waje, yau shi ne a kan benci, hannuwansa sun rasa abin yi. Ya ja carbi, ya ajiye, ya sake ɗauka. Raihana tana can gefe ta rufe fuska da hijabi. Ba a cika awa guda ba aka gunguro yaron, da 'yar filasta a mararsa. Ya farka yana kuka yana neman ruwa, ya buɗe ido ya ga kakansa riƙe da takalman nan biyu, ya koma barci. Washegari aka sallame su.

Nas ɗin ta yi musu bayani dalla-dalla: kada ruwa ya taɓa wurin sai bayan kwanaki, a riƙa goge masa jiki da tsumma mai ɗumi, a ba shi maganin zafi a kan lokaci, ban da gudu da hawa sama da keke har mako uku. In ya yi zazzaɓi, ko wurin ya yi ja yana ruwa, su dawo.

A rana ta uku gaban yaron ya ɗan kumbura, Raihana ta fashe da kuka ta ce abin ya dawo. Inna Hadiyya ta fito da garin bagaruwar da ake barbaɗa wa masu kaciya. Malam Falalu ya karɓi ƙullin ya juya shi a hannu. Maganin da ya fi yarda da shi ke nan a duniya. Ya miƙa mata abinta ya ce, “Ba ni na yanka ba, Hadiyya. A tambayi waɗanda suka yi.” Abdurrahim ya kira lambar da aka ba su. Aka tambaye shi ko akwai zazzaɓi, ya ce babu, yaro ma ga shi yana cin dankali. Aka ce kumburin bayan aiki ne, zai sauka da kansa. Ya kuwa sauka.

Wahalar gaske ta fara ne ranar da Zuhair ya ji sauƙi. Akwai wani faffaɗan dutse bayan gidan da yaran unguwa ke sulu a kai, idonsa na can. Raihana ta yi lallashi, ta yi tsawa, duk a banza. Sai kakan ya ce a bar masa shi. Ya shimfiɗa tabarma a rumfa, ya kifa tsohuwar ƙwarya, ya ba yaron sabulu da ruwa da cokalin roba, ya ce, “Ga wanda za ka yi wa aski. Ka bi shi a hankali, tsoho ne.” Zuhair ya duƙufa, ya shafa kumfa ya kankare, ya sake shafawa. Dattawan layi suka sami abin yi, wannan ya ce an bar wa ƙwarya gashi a ƙeya, wancan ya ce shi gobe wurin ƙaramin wanzami zai zauna. Malam Ahmadu kullum da dabino uku a aljihu. Haka aka cinye mako ukun nan, kuma rabon da a ji dariya irin wannan a rumfar an daɗe.

Da aka cire filasta, Malam Falalu ya sa tabarau ya daɗe yana kallon tabon. Siririn layi ne, ya kwanta cikin lanƙwasar fata, sai ka lura za ka gan shi. Ya girgiza kai ya ce wa ɗansa, “Likitan nan, Allah ya yi wa hannunsa albarka. Ko zare bai bari a waje ba.”

Ranar da suka koma aka duba aka ce ya warke, ko ƙofar gida Zuhair bai shiga ba. Yana sauka daga adaidaita sahu ya ji ihun yara, ya zuba da gudu, rigarsa na kaɗawa. Raihana ta buɗe baki za ta kira shi, sai ta fasa. Malam Falalu ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya wanke hannu da sabulu, ya sa sabuwar reza, ya dubi benci ya ce, “Wa ke kan layi?”