La'asar Ɗin da Layin Malam Kallamu Ya Toshe

Ranar da na fara riƙe kan tarho a rayuwata, a juye na riƙe shi. Watana uku ke nan da zuwa Inugu daga Ringim, aka ce innata tana kan layi daga gidan wani malamin asibiti. Na shiga ɗakin Malam Kallamu, na ɗauki abin, ina ta rangaɗa sallama ta wajen da ake kara kunne. Maza suna zaune a benci a bakin ƙofa. Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Wayar nan taurin kai gare ta, Amarya, ni ma haka take yi mini." Ya juya mini ita, ya fita ya saki labule, ya tayar wa mazan nan musun ƙwallo da ƙarfi don kada su ji kukana.

A watan Rajab da ya wuce Allah ya yi masa rasuwa. Karatuna aji huɗu ne na firamare sai Islamiyya, a yi haƙuri da rubutun. Akwai abin da na daɗe ina ɗauke da shi game da bawan Allahn nan, kuma ina tsoron in tarar da shi a can ban sauke ba.

Babarbare ne, amma a nan unguwarmu ta Coal Camp aka haife shi, mahaifinsa gadi ya yi a ma'aikatar kwal. Yana jin Ibo kamar a bakinsa aka ƙera shi. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare a gefe ɗaya. Ya yi aikin buga takardu a wani kamfani, da kamfanin ya rufe ya dawo gida da tsohuwar kwamfuta a bayan okada, rungume kamar jariri. Da ita yake buga wa 'yan kasuwar Ogbete wasiƙu. Gidanmu na haya ɗaki goma sha ɗaya ne, tarho ɗaya, a ɗakinsa. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba.

Amma ba wasiƙun ne suka cinye zuciyarsa ba. Akwai wani ɗan akwati da yake haɗa kwamfutar da layin tarho. Idan ya kunna, sai abin ya fara kuka kamar kazar da aka shaƙe, ya koma kamar ruwan sama a kan kwano, sannan ya yi tsit. Farkon jin sa na yi a'uziyya na janye 'yata Sadiya. Matarsa, Yaya Kubura, ta ce, "Kwantar da hankalinki, ba aljanu ba ne, akwatin gulma ne. Aljani ai ya fi wannan kunya."

Idan kukan ya tsaya, to Malam ya shiga zaure. Haka yake kiransa. Hausawa ne ɗari da 'yan kai a warwatse a duniya, kowa ya rubuta, saura duk su gani. Akwai Na Jidda, akwai wata nas a Landan, akwai ɗalibi a Hartum, akwai wani Bafulatani mai sayar da magani a Fatakwal da ba ya rubutu sai ya fara da, "Ina bawana na Inugu?" Malam ya buga masa amsa yana dariya shi kaɗai har tabaran ya zame. Bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Amma ya san wanda matarsa ta haihu da wanda ƙafarsa take ciwo. Ba a shiga magana sai an yi gaisuwa cikakkiya, ina gajiya, ina iyali, ina zaman baƙunta. Idan an yi mutuwa a unguwarmu sai ya rubuta, washegari ya bugo addu'o'in a takarda ya kai gidan makoki. Tsohuwa ta ji an yi wa ɗanta addu'a daga Jidda, sai ta riƙe takardar ta ƙi saki.

Matsala ɗaya ce. Muddin yana cikin zaure, layi a toshe yake, duk wanda ya bugo ba zai samu ba. Don haka ya kafa wa kansa doka, har ya rubuta ya manna a bango: daga la'asar zuwa magariba layi na matafiya ne. Mazanmu masu bin shanu da albasa duk sun san haka. Duk inda mutum yake, ya idar da la'asar sai ya nemi shagon waya ya bugo gida. Shekara biyu ban ga Malam ya karya dokar nan ba, ko da Yaya Kubura tana tsokanarsa, "Dubi yadda yake kallon agogo, kamar mai azumi."

Maigidana, Salisu, Allah ya jiƙansa, sai yanzu nake iya rubuta sunan, yana kai shanu mayankar Trans-Amadi a Fatakwal. A shekarar da rikicin Arewa ya gangaro Kudu, ranar Asabar ya tafi. Ranar Litinin ya bugo ya ce sun sayar, gobe zai taso. Ranar Talata da hantsi gari ya canja. Masu shago suka fara ja da ƙofofi. Wani ya shigo da gudu ya ce an tare hanya, wani ya ce ƙarya ne, wani ya ce ya ga hayaƙi ta wajen tasha. Mai gidanmu, Papa Nduka, ya sa kwaɗo a get ya ɗauko kujera ya zauna a bakinsa. Ya ce, "Nobody go enter here." Maƙwabta Hausawa suka tsallako ta katanga, tsakar gida ta cika. Ba mai magana da ƙarfi. Ko yara sun yi shiru, kuma shirun yara shi ya fi ba ni tsoro.

Da safe Malam ya shiga zaure sau biyu, ba wani labari tsayayye. Da aka yi la'asar, a tsakar gida aka yi ta, ya kashe kwamfuta ya ce in shigo in zauna kusa da tarho. Na zauna a tabarma, 'yata a cinyata, Yaya Kubura a gefena tana jan carbi. Na zuba wa wayar nan ido. Baƙa ce, da ɗan tsagu a gefe. Har yau ina iya zana tsagun nan.

Ba ta yi ƙara ba.

Maza suka taru a bakin ƙofa. Da yawansu suna da 'yan'uwa a Fatakwal da Anacha. Bafulatanin nan ya yi alkawari tun safe cewa zai je barikin soja ya rubuto sunayen waɗanda suka isa can. Wani dattijo ya ce, "Kallamu, don Allah ka duba mana. Minti biyar." Malam ya ce, "Baba, lokacin matafiya ne." Wani ya ce, "Mutum ɗaya ake jira a waya, mu kuma mutum nawa muke nema?" Ya ce, "Na ji. A yi haƙuri." Ya saki labule.

Agogon bango ya wuce biyar. Maigidana bai taɓa kai ƙarfe biyar bai bugo ba. Zuciyata ta fara raya mini abubuwa. Idan yana bariki, ai babu waya a hannunsa, zaman me nake yi? Idan sunansa yana cikin akwatin nan tun ɗazu fa, ni ina nan ina kallon tsagu?

Malam ya durƙusa nesa kaɗan, ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Maman Sadiya, layin nan naki ne har magariba. Ba wanda zai karɓe shi. In kin ce a jira, a jira."

Na ce, "Ka shiga, Malam."

Ya ce, "Kin tabbata?"

Na ce, "Ka shiga."

Ban da Yaya Kubura ba wanda ya ji. Ya cire wayar daga tarho ya haɗa da akwatin. Akwatin ya yi kukansa ya katse. Ya sake, ya katse. Sai a na uku ya kama. Saƙon yana sauka layi-layi, a hankali, kamar ana tatsar sa. Malam ya ɗaga labule yana karanta sunaye, duk wanda ya ji nasa sai ka ji hamdala, wani dattijo har ya zauna a ƙasa. Suna arba'in da bakwai. Babu na maigidana. A ƙarshe Bafulatanin ya rubuta, ba tsokana ko ɗaya a ranar: duk wanda ya bugo muku, ku ce ya tsaya inda yake, kada kowa ya hau hanyar Inugu.

Malam ya fizge wayar ya mayar wa tarho. Duka abin bai fi sulusin awa ba. Muka zauna har aka kira magariba. Ba ta yi ƙara ba.

Kwana huɗu ban san ko matar aure ce ni ko mai takaba ba. A rana ta biyar Muntaka ya iso, abokin tafiyar maigidana, da ɗauri a kai, da hular maigidana a aljihu. A tsakar gida ya ba da labari, gaban kowa. Ya ce sun makara ne saboda sun ɓuya a bayan wata mota. Wajen biyar da kwata suka samu wani Ibo mai shagon waya ya buɗe musu ta ƙofar baya. An gaya musu Coal Camp tana ci da wuta, shi ne maigidana ya ce sai ya ji muryar gida. Ya buga, layi a toshe. Ya sake, a toshe. Mai shagon yana cewa, "Aboki, wait small, try again." Ya buga na uku. Sai ya ajiye ya ce, "Kallamu ba ya toshe layi da la'asar. In ka ji haka, wani abu ya sami gidan." Ya fita ya hau motar da ta rage a tasha, Muntaka ya bi shi. Ba su kai rabin hanya ba aka tare su. Muntaka ya faɗa daji. Sauran ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba.

Kowa ya juya ya kalli Malam Kallamu, har waɗanda suka roƙe shi ya duba musu.

Yayan maigidana, Alhaji Hashim, ya zo daga Ringim ranar addu'ar bakwai. Mutum ne mai zafi, kuma tun a hanya yake cewa zai tafi da yarinyar, Kudu ba wurin rainon marainiya ba ne. Da ya ji labarin layi, ya tsaya a ƙofar Malam ya ce, "Kai ne mai hira da mutanen Landan ɗan'uwana yana neman gida?" Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne, Alhaji. Ni na karya dokata." Abin da Alhaji ya faɗa masa bayan nan ba zan rubuta ba. Ni ina ɗaki cikin takaba, ina ji, na cusa mayafi a baki. Fushin Alhaji duk ya ƙare a kan Malam. Ni kuwa ya tausaya mini, ya bar mini 'yata.

Daga nan mutane suka janye. Masu kawo wasiƙa suka koma wani wuri. Idan ya wuce benci sai hira ta tsaya. Yara suka sa masa suna Mai Toshe Layi, ya bi shi har tsufa. Da wayar hannu ta zo, aka daina buƙatar tarhonsa gaba ɗaya.

Zauren ma bai daɗe ba. Na Jidda ya rasu, nas ɗin ta yi shiru, saura suka watse cikin wayoyinsu. Wata rana aka rufe wurin ɗungurungum. Jikokinsa sun sa shi a rukunoni na waya, ya ce, "Nan ba zaure ba ne, tasha ce. Mutum ya faɗo maka ba sallama." Bayan rasuwar Yaya Kubura nakan kai masa kunu da safe. Sai in tarar ya kunna tsohuwar kwamfutar, ba layi, ba komai, yana karanta saƙonnin da suka rage a ciki. Wani lokaci ya yi dariya ya ce, "Ji ɗan Fulanin nan." Ya taɓa ce mini kukan akwatin nan yake kewa, wai kamar taka ƙofar gidan abokai ne. Ni kuwa ko injin niƙa ya yi irin ƙarar sai gabana ya faɗi. Ban gaya masa ba.

Sau biyu na ce wa Malam zan faɗi gaskiya. Na farko ya ce yarinya ba ta yi aure ba. Na biyu ya ce, "An riga an saba, Maman Sadiya. Bar shi."

Ranar jana'izarsa ina bayan labule na ji wani yana cewa, "Allah ya yafe masa abin da ya yi wa Salisu." Aka ce amin. Tun ranar nake kasa cin abinci sosai. Alhaji Hashim da ake tsoro ya rasu, Yaya Kubura da ta ji ta rasu, saura ni kaɗai na san abin da aka faɗa a ɗakin nan. In na tafi da shi, me zan ce idan aka tsayar da mu? Shi ya sa na rubuta. 'Yata za ta karanta wannan, ban san da wane ido za ta dube ni ba, kuma wannan ma ina tsoronsa. Amma ni na ce ya shiga. Sau biyu na faɗa.

Malam, ka yafe mini, yau na saɓa maka. Ranar da Muntaka ya gama ba da labari, kafin mata su rufe ni, ka zo bakin ƙofata ka tsaya ta waje, ba ka ɗaga labule ba. Ka ce, "Maman Sadiya, alfarma ɗaya nake roƙo. Duk wanda ya tambaye ki, ki ce ban tambaye ki ba."