Rassan da Zakariya'u ya kafa a fako

Zakariya'u manomin hatsi ne a wani ƙauye kusa da Tabotaki. Shekara goma sha ɗaya na koyar a lakwal, wato makarantar boko ta garinsu, ban kuwa taɓa jin an kama shi da ƙarya ba. Saboda wannan shaida ce wani kamfani ya ɗauke shi tsaron dashen itatuwan ɗakwara a fakon da ke gabas da gari.

Ga yadda cinikin yake. Masu masana'antu a ƙasashen waje suna biya domin itatuwanmu su shanye hayaƙin da suke fitarwa, a ba su takardar shaida cewa an shanye. Mai saye ba ya zuwa. Hoto da rahoto yake gani.

A shekara ta biyu ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi bununi ba, dashen ya mutu sai ɗan kaɗan. Ana saura kwana ɗaya masu bincike su iso, wakilin kamfanin ya ce masa idan suka tarar da ramuka wayam za a rufe aikin, matan da suka haƙa su kuma ba za a sake kiransu ba. Zakariya'u ya shiga kwari ya saro ɗanyun rassa, ya bi ramukan yana kafawa. Baƙin suka ɗauki hoto daga bakin hanya, suka yaba, suka tafi. Kafin Juma'a ta zagayo rassan sun bushe a tsaye. Daga ranar ya daina bi ta gabas, ko da zai je gonarsa ne sai ya kewaya.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya sa aka riƙa kai shi gida gida a amalanke yana neman gafara, yadda dattawa kan yi. Sannan ya aika aka kira ni, ya faɗa mini duk abin da na rubuta a sama. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce:

"Mushe, Allah ba ya yafe haƙƙin wani sai mai shi ya yafe. Wanga mutum da ya sayi inuwar da babu, ina za ni gane shi?"

Na ce masa ban sani ba. Ya roƙe ni in rubuta wasiƙa da Faransanci, kada in sassauta ko kalma ɗaya. Na rubuta, ya dangwala yatsa, muka aika wa kamfanin, muna roƙon a isar da ita ga mai sayen. Wata huɗu ya yi yana tambayata ko an amsa.

Ranar jana'izarsa, ƙanensa Isiyaku ya miƙe ya roƙi duk wanda mamacin ya saɓa wa ya yafe masa. Sahu ya amsa baki ɗaya cewa an yafe. Ni na tsaya ina dubawa daga wannan gefen sahun zuwa wancan, ko zan ga baƙo. Babu fuskar da ban sani ba.