Ranar da Aka Ɗura wa Karena Ruwan Gishiri

Shekarun baya, lokacin ina noman riɗi a wata 'yar gona a hanyar Ƙala'at an-Nahal, ina da wani jan kare mai yi min gadi. Da kaka yana can wurin tarin riɗi, sauran shekara kuma yana gidanmu a gefen garin Gadarif, inda nake zaune da mahaifiyata.

Wani ɗan'uwana ya taɓa aiko min da buhun abincin karnuka daga Hartum, irin busassun ƙwayoyin nan. Karen ya shinshina, ya dube ni, ya yi tafiyarsa. Ni kuma a lokacin na kalli 'yan bidiyoyi a waya na zama shehin malami, na yanke hukunci cewa ɗanyen nama ne abincin kare na asali. Abokina mahauci ne a babbar kasuwa, kullum yana tara min huhu da tumbi da guntayen ƙashi a leda. Kare ya yi ɓulɓul, gashinsa har sheƙi yake, ni kuma kaina ya kumbura.

Mutanen unguwa ba su so ba. A wurinsu kare ragowar tuwon dawa yake ci, wanda ya saba da jini kuwa wata rana dabbar mutane zai faɗa wa. Ni da bakina ba ya shiru sai in ce, "Ku ma ai kuna cin marara ranar layya, ɗanyar hanta da huhu da barkono. Wa kuka taɓa ciza?"

Wata safiya aka yi ta dukan ƙofarmu kamar za a ɓalla ta. Na leƙa, sai ga maƙwabcinmu, dattijo sa'an mahaifina, da manyan 'ya'yansa biyu, ɗaya riƙe da gora. Jama'a sun fara taruwa a bayansu.

"Ya walad, kai yaro, fito min da karen nan naka," in ji dattijon.

"Lafiya, Baba Alhaji?"

"Ina lafiya? An farke cikin tunkiyata a garke, ga ta da ciki ya tsufa. Duk unguwar nan kare ɗaya ne ya san ɗanɗanon jini."

Na yi fito, karen ya taho yana kaɗa wutsiya. Bakinsa da ƙirjinsa jina-jina. Na buɗe baki zan ce naman mahauci ne, sai na tuna ledar tana nan rataye a jikin bishiya, ban ko kwance ta ba. Ban ba shi komai ba ran nan. Mai gorar ya matso, ni kuma na tsaya a tsakaninsu.

Wani tsohon makiyayi da ke cikin jama'a ne ya ɗaga hannu. "A'a, ya jama'a, ba a kisa a kan zato. A ɗura masa ruwan gishiri ya amayar. In gashin tunkiya ya fito, halas, ku yi abin da za ku yi."

Dattijon ya yarda. Ni ma na yarda, don ba ni da wata mafita. Ba wanda zai taɓa yawun kare, saboda haka ni na durƙusa na matse shi tsakanin gwiwoyina, na buɗe masa baki da hannuna na ɗura. Yana ta kallona, bai ko yi yunƙurin cizo ba. Wannan ya fi komai yi min ciwo, domin a zuciyata na riga na yarda shi ne.

Muka tsaya muna jira. Karen ya zagaya, ya sunkuya, cikinsa na bugawa. Da ya amayar, makiyayin ya sa kara ya tona. Babu gashin tunkiya ko ɗaya. Gashin kaza ne wake-wake, da ƙafa guda rawaya.

Ban gama ajiyar zuciya ba mai gorar ya ce, "To kazar wa ce? Yau kaza, gobe akuya. Wallahi gara a gama da shi."

Sai muryar mahaifiyata daga bayan danga. "Kazata ce, ya Hajj. A gidana ya ci, ni kuma ban kawo ƙara wurin kowa ba. Tunkiyarka ka gani da idonka, ba ta cikinsa. Allah ya mayar maka da alheri."

Dattijon ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Hajja," ya kaɗa 'ya'yansa suka tafi.

Da na shiga gida na tarar da ita tsugune gaban akurki. Ashe kazar kwanci take, ga ƙwai nan sun yi sanyi. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Ba don karenka na yi magana ba. Fuskarka na gani."

Daga ranar nake dafa masa kayan cikin, in kuma ɗaure shi in muna gari. Ko ɗanyen nama ne ya kai shi ga kazar, ban sani ba. Wani likitan dabbobi ya ce min ba lallai ba, ya kuma ce gishirin nan kansa ya isa ya kashe karen. Abin da ya farke tunkiyar ma ba a taɓa ganowa ba.

Abin da ke damuna har yau shi ne, da tunkiya ce ko da kaza, hujjojin da nake ta zuba wa mutane ba su tsinana min komai ba a safiyar nan. Na yi gardama da unguwa guda a kan abincin kare, amma wadda ta yi asara ba ta taɓa shiga gardamar ba, kuma ita ta tsaya min.