Ranar da Injin Ƙidayar Shanu Ya Ƙi Tashi

Aikina na farko bayan na gama makaranta shi ne akawu a wani ɗan ofis da ke bakin iyaka a Jibiya, inda ake duba shanun da ke shigowa daga Nijar. Ni ke buga tafireta, ni ke rubuta yawan shanu da inda suka fito da allurar da aka yi musu. Mu huɗu ne: shugaban ofis, malaman dabbobi biyu, sai ni.

Zamanin kuɗin mai ne, lokacin da ake sayen abu kafin a tambayi amfaninsa. Rufinmu na yoyo, amma wata rana mota ta zo daga Kaduna ta sauke mana janareta da wani inji cikin akwatin katako. Da yau ne, kwamfuta za a ce masa. Mu inji kawai muke cewa. Ya kai girman tafireta biyu, yana da maɓallai da ramin kaset da ɗan siririn gilashi inda jajayen haruffa ke fitowa. Wanda ya kawo shi ya kwana uku yana koya mini, ya sa na sa hannu a takarda cewa injin yana hannuna. Na riƙe shi amana. Kullum sai na goge shi na lulluɓe kafin in tashi.

Aibinsa ɗaya, cikinsa ƙarami ne. Idan garken shanu suka yi yawa sai ya cika, ya ƙi karɓar ƙari. Shugaba ya rubuta sama, aka ce za a ƙara masa ƙwaƙwalwa.

Bayan watanni sai ga ɗan kwangila cikin sabuwar mota fara, babbar riga sai ƙamshi take. Ya fito da wani koren allo mai faɗin tafin hannu, bakinsa ɗaya jere da ƙananan haƙora ruwan zinariya. Na matso don in ga yadda ake sa shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wa shugaba, "Wannan ba aikin kallo ba ne. A aike shi ya samo mana lemo mai sanyi."

Na tafi har tasha. Kafin in dawo ya rufe injin ya ɗaure. Ranar kuwa man janareta ya ƙare, ba a gwada ba. Ya sha lemonsa, shugaba ya sa masa hannu cewa aiki ya kammala, ya ja mota ya tafi.

Washegari aka samo mai, na kunna. Fankar ciki ta juya, injin ya yi ƙara sau uku, gilashin bai nuna ko ɗigo ba. Na kashe na sake kunnawa. Haka. Na kira shugaba.

"Me ka taɓa?" ya ce.

"Ranka ya daɗe, maɓallin kunnawa kawai."

"Jiya lafiya ƙwararre ya bar shi."

"Ai ba a gwada ba, ranka ya daɗe."

Wannan maganar ce laifina na gaske, don ta taɓa hannun da ya sa. Ya ɗaga murya har Fulanin da ke jira a waje suka leƙo. Ya ce dama ya sani, ba a ba ɗan ƙauye kayan Turawa. Sannan ya zauna ya rubuta takardar tuhuma da biro, ya miƙo mini in buga, tunda ni kaɗai ne mai tafireta. Da yatsuna na buga cewa na lalata dukiyar hukuma saboda sakaci da karambani. Har gyaran rubutu na yi masa a wuri biyu.

Kwana biyu ina bin abin da na sani. Na canza waya, na duba fis, na sa mai janareta ya auna wuta. Duk lafiya. Buɗe injin ne kaɗai ya rage, shi kuma an hana ni.

Kusa da tasha akwai wani dattijo mai gyaran rediyo, mutumin Maraɗi, wanda direbobin ƙasashen biyu ke kai wa aiki. Na je na kwashe labari na faɗa masa. Bai ɗago daga rediyon da ke gabansa ba, ya ce, "Kafin a sa mashi sabon abu yana tashi?"

"Yana tashi, Baba."

"Bayan an sa ya ƙiya?"

"Ya ƙi."

"To mi kake nema wurin waya da kuran? Ɓarawo na cikin ɗaki, kana bin sawu a daji." Kuran ita ce wutar lantarki a bakin mutanen Nijar.

Ranar Alhamis shugaba ya tafi Katsina taro. Na roƙi malaman dabbobin nan biyu su tsaya shaida, don kada gobe a ce na ƙara wata ɓarna. Ɗaya ya ce ba ruwansa, ya fita wurin shanu. Babban ya tsaya. Dattijo ya zo da sukuddireba a aljihu, ya ce bai taɓa ganin irin injin ba, amma duk abin da ke cin wuta hali ɗaya gare shi. Ya sa na zare waya daga bango, ya kwance murfin. A ciki ga tsohon allon ƙwaƙwalwa, ga sabon a gefensa, ya ɗan karkace.

"Abu ɗaya za mu riƙa canzawa," ya ce. "In ka canza biyu, ba ka san wanda ya yi magana ba."

Ya zare sabon, ya ce in kunna. Ƙara ɗaya injin ya yi, jajayen haruffa suka fito. Malamin dabbobi ya yi salati.

Dattijo bai yarda a tsaya nan ba. Ya ce wataƙila datti ne ko rashin zama daidai. Ya karɓi robar goge fensir daga teburina, ya goge haƙoran allon, ya hure ramin, ya mayar a hankali. Ƙara uku, gilashi baƙi. Ya cire tsohon ya bar sabon shi kaɗai. Ƙara uku. Sai ya ɗauki allunan biyu ya fita da su rana, ya haɗa su baki da baki, ya kira ni.

Kowane allo yana da 'yar tsaga a tsakanin haƙoransa, wadda ke hana shi shiga ramin da ba nasa ba. Tsagar tsohon sumul take. Sabon kuwa tsaga biyu gare shi, ɗaya ta masana'anta, ɗaya an yanka ta da zarto, gefenta duk kaushi, har an cinye rabin haƙori guda. Lambobin da ke jikinsu ma ba su yi kama ba. A ƙasan injin muka ga koren gari ya zuba.

"Na wani inji ne," dattijo ya ce. "Ya ƙi shiga, aka yi mashi dole. Ka gode Allah bai ƙone maka tsohon ba."

Wato abin da ya sa aka aike ni sayen lemo ke nan.

Da shugaba ya dawo ya tarar da inji na aiki, na ajiye masa allon a kan tebur, malamin dabbobi ya faɗi abin da ya gani. Shugaba ya juya allon, ya daɗe yana kallon tsagar. Na tsaya ina jiran kalma ɗaya. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wa ya ba ka izinin buɗewa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya ba ɗan kwangila izinin yankawa."

Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Na zare ɗan makullin injin na ajiye kusa da allon, na ce ba zan ƙara taɓa shi ba sai an janye takardar nan. Na koma littafi da biro. Ba wanda ya iya injin sai ni, kuma Kaduna na jiran rahoto a kaset. Mako biyu muka yi a haka, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Ran nan ya kira ni, ya ciro takardar daga fayil, ya yaga ta gida huɗu ba tare da ya dube ni ba. Ashe bai ma aika da ita ba. Sannan ya ba ni wata in buga, wadda ke cewa binciken da shi da kansa ya jagoranta ya gano an kawo allon da bai dace ba. Babu zancen zarto, babu dattijon, babu ni. Na buga.

Ɗan kwangilar bai sake zuwa ba, wani yaronsa aka aiko ya karɓi allon. Daga baya na ji an ba shi aikin sa irin wannan ƙwaƙwalwa a wasu ofisoshin iyaka. Namu injin haka ya ci gaba da ƙaramin cikinsa har na bar Jibiya, kuma har na bar ta shugaba bai ce mini yi haƙuri ba.